Kwamfuta Mai Shan Ruwa a Batsari da Safana: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Yau za mu ɗan ajiye hirar littattafai mu leƙa wani yayi da ke ɗaukar hankalin samarinmu masu sha'awar gem. Duk mai buɗe YouTube ya ga irin kwamfutocin nan masu akwatin gilashi, ruwa ja ko shuɗi na zagayawa cikin tiyo, fitilu na walƙiya. Ra'ayina a taƙaice shi ne: saurayin da ke Batsari ko Safana, in ya tara 'yan kuɗinsa don ya haɗa kwamfutar gem, ko ya buɗe gidan wasa, kada ya kai su ga katin hoto mai sanyaya da ruwa. Ga dalilaina.

Da farko, mene ne katin hoto? Shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Da shi ake gem, da shi kuma masu tace finafinai a Kano ke aiki. Matsalarsa ɗaya ce, cin wuta. Katin RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 yana jan wat 450, RTX 5090 na 2025 kuma wat 575. Kusan duk wannan wuta zafi take komawa. In zafin katin ya haura digiri 80 da 'yan kai, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, wasa ya fara sarƙewa.

To, shi ne aka ce a sa ruwa. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 2015 kamfanin AMD ya fitar da Radeon R9 Fury X da ruwansa a jiki. Yadda abin ke aiki daidai yake da lagireton mota: ɗan famfo ya tura ruwa ta kan farantin tagulla da ke manne da katin, ruwan ya kwashi zafi ya kai lagireto, fanka ta hure shi zuwa cikin ɗaki. Gaskiya ne ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi, kuma katin kan yi aiki shiru ba ƙara. Wannan ban musa ba.

Amma a nan ne mutanenmu ke ruɗewa. Mu mun saba da randa, mun san ruwanta ya fi iskar tsakar gida sanyi. Randa tana sanyi ne domin tana zufa, iska na busar da zufar. Da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba ya yi tukunya-cikin-tukunya a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ruwan kwamfuta kuwa a kulle yake cikin tiyo, ba ya zufa. Ba ya haifar da sanyi, dako kawai yake yi. Saboda haka ba zai taɓa fin iskar ɗakin sanyi ba. Baturen da ka gani a bidiyo yana zaune ne a ɗaki mai sanyi. Kai kuwa a watan Afrilu, zafin Safana na kai digiri 40, shagonka rufin kwano ne, ga yara cike. Zafin da lagireto ya fitar a kanku zai sauka, fanka kuma ta sake zuƙo shi.

Na biyu, ƙura. Lagireton kwamfuta ƙananan kafofi gare shi kamar rariya. Hunturu ɗaya ya isa ya toshe su, in ba ana hurewa a kai a kai ba.

Na uku, shi kansa ruwan. Ba na rijiya ko na 'yan garuwa ake zubawa ba, domin gishirin da ke ciki zai daskare ya toshe hanya. Tataccen ruwa ne da sinadarin hana tsatsa. Wanda kamfani ya kulle ma yakan ƙafe a hankali, famfon kuma wata rana zai mutu. In fankar kati ta lalace, mai gyaran waya na bakin kasuwa zai iya canja ta. In tiyo ya yi yoyo a kan allon kwamfuta fa? Sai tafiya Katsina, daga can a ce sai titin Beirut a Kano, wataƙila ma sai Computer Village a Legas.

Na huɗu, wanda ya fi duka, wuta. Kowa ya san yadda wutar KEDCO take a garuruwanmu: ta zo, ta tafi, ta dawo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Wanda zai ciyar da kati mai wat 575 da janareto, bayan tun 2023 aka cire tallafin man fetur, ya lissafa yara nawa za su biya kuɗin wasa kafin ya mayar da kuɗin mai. Kada kuma a manta, a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. A yankin da rashin tsaron dajin Rugu ya raba mutane da gonaki da shanu, jari ba abin wasa ba ne. Sau da yawa kuɗin nan na mahaifi ne, ko na ɗan'uwa da ke ci-rani.

Wani zai ce, to mu ba mu cancanci abu mai kyau ba ke nan? Mun cancanta mana. Amma abu mai kyau shi ne wanda zai daɗe yana yi maka aiki. Katin RTX 4060 na 2023 wat 115 kawai yake ja, kashi ɗaya cikin biyar na wancan babban, kuma yana ɗaukar wasan ƙwallo da samari suka fi so ba tare da gardama ba. Ragowar kuɗin a sayi faifan sola da batir da inbata, a sa na'urar daidaita wuta, a yi wa shago silin da taga biyu masu kallon juna, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa hure ƙura duk mako.

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wanda ke da wata fahimta daban, ƙofa a buɗe take. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya sa albarka a neman samarinmu, amin.