Ra'ayinmu: Wa Wakilinmu na Dutse Yake Wakilta?

Ran Asabar 18 ga watan Maris na shekarar 2023, duk wanda ya je rumfar zaɓe a ƙasar Haɗeja an miƙa masa takardun ƙuri'a guda biyu. Ta fari ta gwamna ce, kowa kuwa ya san shawarar da ya fito da ita daga gida a kanta, don an daɗe ana gardamarta a dandali da bakin kasuwa. Ta biyun ita ce ta wakilin da zai zauna a Majalisar Dokokin Jiha a Dutse. Ita wannan, da yawa daga cikinmu mun dangwala mata yatsa ne kurum a gurbin da muka dangwala wa ta farin, muka jefa, muka kama gabanmu. A kan wannan takarda ta biyu muke so mu yi magana da 'yan'uwa ɗalibai a wannan fitowa, tun da ga zaɓen 2027 yana tafe, domin a ganinmu babu ƙuri'ar da ta fi ta kusa da gonar talaka, babu kuma wadda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Majalisar Dokokin Jihar Jigawa tana da kujera 30. Ƙananan hukumomin jihar 27 ne, kowace tana da kujera ɗaya, sai Gwaram da Ɓaɓura da Kafin Hausa da aka ba bibbiyu. Masarautar Haɗeja tana da ƙananan hukumomi takwas, wato Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, in an ƙara da mazaɓar Bulangu kujerunta sun zama tara. Idan aka haɗa da na Ringim da Taura da Miga da Jahun, waɗanda su ma ruwan kogin nan yakan kwana a gonakinsu, sai a ga wakilan bakin kogi sun kai 13. Mutum 13 cikin 30 ba 'yan kallo ba ne. In suka haɗa baki a kan magana ɗaya, babu kasafin kuɗin da zai wuce ba a saurare su ba.

Ya kamata kuma mai karatu ya lura da cewa majalisar nan ita kaɗai ce, ba ta da wa, ba ta da ƙane. A Amurka kowace jiha tana da majalisa biyu, ta wakilai da ta dattawa, ban da Nebraska, saboda haka can akwai sanatan jiha dabam da sanatan tarayya. Mu ma a zamanin Jihar Arewa akwai Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna, har zuwa juyin mulkin 1966. Amma tun daga tsarin mulkin 1979 majalisa ɗaya aka bar wa kowace jiha. Ma'anar wannan ita ce, abin da mutanen nan 30 suka zartar, sa hannun gwamna kaɗai ya rage masa ya zama doka a kanmu, babu wani zaure na biyu da zai duba ko an yi kuskure.

Ikon da tsarin mulkin 1999 ya ba su kuwa ba ƙarami ba ne. Gwamna ba ya taɓa kuɗin jiha sai da iznin dokar kasafi da suka amince da ita. Ba ya naɗa kwamishina sai sun tantance shi. Sashe na 128 ya ba su damar binciken yadda kowace ma'aikata take kashe abin da aka ware mata, sashe na 188 ya ba su ikon tsige gwamnan kansa. Wanda yake zaton wannan magana ce ta takarda kawai, sai ya tambayi dattawa abin da ya faru a Kaduna a jamhuriya ta biyu, inda majalisar da NPN ta yi wa rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Alhaji Balarabe Musa na PRP, daga bisani ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Ba yabon abin da aka yi wa Balarabe muke yi ba, sam. Abin da muke nunawa shi ne wuƙar tana da kaifi. Kasafin da aka gabatar wa majalisarmu na shekarar 2025 ya haura naira biliyan 690, ta hannun mutanen nan ya bi.

To, mene ne haɗin wannan da kogi? Kowane ɗan Auyo ko Guri ya san amsa tun kafin ya shiga makaranta. Iyayenmu sun ba mu labarin lokacin da Kogin Haɗeja yake cika da damina, ya malala fadamu, ya janye da kaka, ya bar wa manomi danshi da taki, masunci ya kama kifinsa, makiyayi ya sami ciyawa, da rani kuma ya ƙafe har a tsallake shi da ƙafa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai kogin ya daina bin tsarinsa na da. Ruwa ya koma gudana shekara duka, kaɗan-kaɗan, irin wanda ciyawar kachala take so. Kachala ta yaɗu, yashi da laka suka taru a gindinta, hanyoyin ruwa suka toshe. Sakamakon haka wani gari yana kukan ruwa ya zauna masa a gona ya ƙi tafiya, maƙwabcinsa na gaba yana kukan ruwa ya daina iso shi. Cikin kachalar nan tsuntsaye jan-baki suke kwana, su tashi da asuba su faɗa wa shinkafa da gero. In kuma damina ta yi ƙarfi, kamar yadda aka gani a 2018 da 2020 da 2022, ruwan da ya rasa hanya sai ya nemi ta cikin gari. Wanda ya ga samarin Haɗeja tsaye cikin dare suna ɗura ƙasa a buhu suna tare jinga, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce madatsun ruwan suna Jihar Kano, kuma suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce, ɗan majalisar jiha ba shi da iko da ita. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Jinga da magudanan ruwa, hanyoyin ƙauye da kwalbatocin da ruwa yake cinyewa, makarantun da 'yan gudun ambaliya suke fakewa a ciki har karatu ya tsaya, kayan agaji da yadda ake raba su, burtali da makiyayar da ake zubar da jini a kansu a Guri da Kiri Kasamma, duk waɗannan sha'anin jiha ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ma a hannun gwamna ta ɗora amanar filaye, majalisa ce kuwa aka ɗora wa sa ido a kan gwamna. Gwamnatin jiha ta sayi injunan yashe kogi da cire kachala, mun yaba. Amma wa zai tambaya kilomita nawa aka yashe, a wane reshe na kogin, nawa aka kashe, kuma me ya sa aka fara da nan ba can ba? Wannan tambaya ba ta sanata ba ce, ba ta minista ba ce. Ta wakilinmu na Dutse ce, kuma don ita ake biyansa albashi.

Me ya sa ba mu cika jin an yi ta da ƙarfi ba? A ganinmu amsar tana cikin hanyar da ake hawa kujerar da kuma inda ake sa ran zuwa in an sauka. Tun daga 1999, a zamanin Saminu Turaki da Sule Lamiɗo da Muhammad Badaru Abubakar har zuwa Malam Umar Namadi, jam'iyyar da ta ci gwamna ita ce take kwashe mafi yawan kujerun majalisa. Jam'iyyu sun sauya, wannan al'ada ba ta sauya ba. Wato ke nan ainihin zaɓen ba ranar jefa ƙuri'a ake yinsa ba, ranar tsayar da ɗan takara ake yinsa. A zaɓuɓɓukan da suka gabata kuwa, ko an ce wakilan jam'iyya ne za su zaɓa, ko an ce sasantawa aka yi, kowa ya san daga inda albarka take saukowa. Mutumin da aka ɗauko aka ba tikiti ya san wanda ya ba shi, ya kuma san wanda zai iya karɓewa bayan shekara huɗu. Da wuya ka ga ya miƙe a zaure ya tsare kwamishina da tambaya.

Ga kuma tsani. Yawanci akan fara daga kansila ko shugabancin jam'iyya na mazaɓa, a zama shugaban ƙaramar hukuma, a zo majalisar jiha, ido kuma yana kan Abuja ko kan kujerar kwamishina. Ba mu ce buri laifi ne ba. Barack Obama sanatan Jihar Illinois ne daga 1997 zuwa 2004 kafin duniya ta san sunansa. Ahmadu Umaru Fintiri daga majalisar Adamawa ya fito, ya zama kakakinta, ya riƙe jihar a 2014 bayan an tsige Murtala Nyako, aka zaɓe shi gwamna a 2019. A Kano, Kabiru Alhassan Rurum ya tashi daga kujerar kakaki zuwa Majalisar Wakilai ta Tarayya a 2019. Tsani dai don hawa aka yi shi. Abin da ya dame mu shi ne, a wurinmu ba aikin da mutum ya yi a matakin ƙasa ne yake kai shi na sama ba, ladabinsa ga manya ne. Idan shiru shi ne kuɗin hawa, to duk mai buri zai koyi shiru.

Abin takaici, in majalisunmu suka nuna ƙarfi, galibi a kan junansu ne. A farkon 2017 'yan majalisar Jigawa suka tsige kakakinsu Idris Garba suka ɗora Isa Idris, a 2019 suka sauke Isa Idris suka mayar da Idris Garba. Kashi biyu cikin uku da doka ta ce sai an samu kafin a tsige kakaki, an same shi har sau biyu. Ashe dai haɗa kai ba ya gagara. A 2010 kuwa, da aka kai wa majalisun jihohin ƙasar nan gyaran tsarin mulki da zai ba su 'yancin riƙe kuɗinsu ba sai sun roƙi gwamna ba, ba a sami jihohi 24 da ake bukata ba, maganar ta faɗi, sai a 2018 ta shiga tsarin mulki. An taɓa ganin wanda aka miƙa wa mabuɗin mari ya ce a bar shi a hannun mai gida?

Sai dai adalci ya sa mu juyo da yatsa kanmu. Me muke tambayar ɗan majalisa in ya zo gida ranar Juma'a? Ragon suna, kuɗin magani, buhun shinkafar azumi, kuɗin rajistar makaranta. Mu ɗalibai ma ba mu fita ba. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya sun ƙware wajen rubuta takardar neman gudummawa da buga kalanda mai hoton mai girma, har da ba shi lambar yabo tun bai yi komi ba. Ba mu raina talaucin da yake sa uba ya je ƙofar ɗan majalisa da takardar asibiti a hannu ba, mu ma 'ya'yan irin waɗannan iyaye ne. Amma mutumin da muka mayar baitulmalin unguwa dole ya nemi inda zai cika aljihunsa, inda ake cika aljihu kuwa ba a zuwa da tambaya. Mun karɓi buhu ɗaya na shinkafa, ruwa ya ci gonar da za ta ba mu ashirin.

Majalisar kuwa tana iya abin kirki in ta so. Dokar da ta kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013 ta hannunta ta bi, haka kuma dokar da ta sa aka riƙa ba masu naƙasa naira 7,000 kowane wata a zamanin Lamiɗo. Waɗannan sun taɓa rayuwar mutane fiye da duk rabon babura da kekunan ɗinki. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, daga fadar gwamnati tunaninsu ya taso. Muna jiran ranar da wakilan bakin kogi za su kawo tasu dokar da kansu, wadda za ta ware wani kaso tabbatacce na kasafi kowace shekara don yashe kogi da gyaran jinga kafin ruwan fari, ta kuma tilasta a karanta wa jama'a lissafin abin da aka kashe.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai na masarautar Haɗeja da su sauya irin takardar da suke kai wa 'yan siyasa. Duk mai neman komawa kujerarsa, a gayyace shi zauren taro, cikin mutunci da girmamawa, a tambaye shi ƙudurori nawa ya gabatar, wane kwamiti ya zauna, sau nawa kwamitin ya taka ƙafa ya je ya ga aikin da aka ce an yi, me aka ware wa mazaɓarsa a kan ambaliya kuma nawa ne ya fita daga baitulmali. Sabon ɗan takara kuma a tambaye shi ko ya taɓa buɗe littafin kasafin jiha. Masu karatun lissafin kuɗi da tattalin arziki a cikinmu su ɗauki littafin nan su fassara shafukan da suka shafi ruwa da noma zuwa Hausa, a kai wa iyayenmu lokacin hutu. Sashe na 110 ya yarda a yi wa wakili kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, abu ne mai wuya ƙwarai, gara a tace tun a ƙofar shiga.

Akwai kuma abin da da yawa ba su lura da shi ba. Tun 2018 an rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25, ilmin da ake nema kuwa na sakandare ne. Wasu daga cikin masu karanta wannan shafi sun riga sun cika sharuɗɗan, wasu za su cika kafin su gama bautar ƙasa. Wannan mujalla ta buɗe shafi biyu a fitowa ta gaba ga kowane ɗan majalisa daga mazaɓu taran nan da yake so ya bayyana abin da ya yi a kan kogi, za mu buga amsarsa yadda ya aiko ta, ba ragi ba ƙari. Wanda bai aiko ba, za mu buga sunan mazaɓarsa mu bar gurbinsa fari.