A Gyara Ogan, Amma A Koya Wa Yaranmu Gyaran

Duk wanda ya saba bi ta Marina a Ikko ya san babbar majami'ar nan ta Angilikan, inda aka ɗaura auren Janar Yakubu Gowon a 1969. A cikinta akwai wani ƙaton abin kiɗa da ake kira ogan, wanda kamfanin Oberlinger na Jamus ya haɗa, aka fara kaɗa shi a 2010.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ogan sarewa ce dubbai a jere, waɗansu na katako, waɗansu na kuza da dalma a gauraye. Wata ba ta kai tsawon yatsa ba, wata kuwa ta fi mutum biyu. Iska ake tura musu daga zugazugi irin na maƙera, mai kiɗa ya danna da yatsu, ya taka da ƙafa, ƙofar kowace sarewa ta buɗe ta yi kuka. Ƙofofin nan da zugazugan, da jemammiyar fatar tumaki ake lulluɓe su. To, kowa ya san abin da laimar Ikko take yi wa fata da katako. Watau ko ba daɗe ko ba jima, sai an kwance shi an gyara.

Waɗansu sukan ce a huta da wahala, a sayi na lantarki mai araha. Ni ban yarda ba. Na lantarki in ya tsufa sai juji, mai sarewa kuwa akan sāke fata, a ƙara sababbin sarewa a kan tsofaffi, ya ƙara girma. Dubi na majami'ar Notre-Dame a birnin Faris. Cavaillé-Coll ya sabunta shi ya faɗaɗa shi a 1868. Gobarar 2019 ba ta ci shi ba, amma ƙurar dalma ta cika shi, aka sauke sarewarsa kusan 8,000 aka goge su ɗaya-ɗaya, ya sāke kuka a Disamba 2024. 'Yan ƙasar ne suka yi aikin da hannunsu.

A nan gizo yake saƙar. Mu duk babban aiki irin wannan sai an aika Turai, a biya da kuɗin waje, alhali kuwa ga dukawa da maƙera da kafintoci birjik a Agege da Idi-Araba. Jikan majemin Kano ko Sakkwato ba a koya masa sanin fata mai kyau. Saita murya ce mai wuya, ita ma kunne take bukata da shekaru a gaban gwani.

Saboda haka ina kira ga shugabannin majami'u, duk ran da za su ba da kwangilar gyara ko faɗaɗa ogan, su sa sharaɗi a rubuce cewa maginan za su ɗauki samarinmu biyu ko uku su koya musu aikin tun daga kwancewa har saitawa. Iyaye kuma kada su tsaya tambayar addinin mai ogan kafin su tura yaro, kamar yadda bakanike ba ya tambayar addinin mai mota.