Wa zai kada wa? Gardamar da bai kamata a kashe ba

A harabar koleji da lise, daga Maraɗi har Damagaram, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa lokacin shan iska: in Superman da Hulk suka kara, wa zai kada wani? Malamai da dama na jin ta sai su murtuke fuska, su ce shirme ne, al'adar Amurka ce ta zo cinye ƙwaƙwalwar yara. Wasu har littafin zanen suke ƙwacewa. An yi gaggawar yanke wannan hukunci, kuma hasara ne ga aikin koyarwa.

Duk wanda ya tsaya ya saurari yaran zai tarar ba ihu kaɗai suke ba. Mai goyon bayan Hulk zai ce ƙarfinsa na ƙaruwa gwargwadon fushinsa, saboda haka in faɗa ya yi tsawo, nasara tasa ce. Abokin gardamarsa zai amsa cewa Superman na tashi sama, ba zai bari faɗan ya yi tsawo ba. Na uku zai tambaya: a wane fili? Akwai dutsen kiriftonait da ke karya lagon Superman, ko babu? Ashe sun shimfiɗa sharaɗi, sun kawo hujja, sun rusa ta abokin hamayya. Shi ne fa abin da ake wahalar koya musu a rubutun muhawara kafin jarrabawar bak, suna hamma.

Gardamar na kai su ga kimiyya ma. A 1973 Spider-Man ya cafko Gwen Stacy da zarensa tana faɗowa daga gada, amma ta mutu. James Kakalios, malamin kimiyya a jami'ar Minesota, ya yi amfani da wannan labari a littafinsa na 2005 don bayyana cewa tsayar da jiki mai gudu farat ɗaya na iya karya wuya. Darasi ne da ya shafi duk matashin da ke tsere da babur.

Babban amfaninta kuwa na adabi ne. Lokacin da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman a 1938, tsalle yake yi, ba ya tashi. Daga baya aka ba shi tashi. A 1986 Frank Miller ya sa Batman, mutum kamar kowa, ya jigata shi da sulke da dabara, domin labarinsa na bukatar haka. A 1996 kamfanonin DC da Marvel sun haɗa jarumansu, suka bar wa masu karatu su yanke sakamakon karawa 5 ta hanyar ƙuri'a, Superman ya kada Hulk. Ke nan ƙarfin jarumi a bakin alƙalamin marubuci yake, wani lokaci ma a aljihun mai saye. Yaron da ya gano haka ya fara nazarin adabi: ya san kowane labari akwai mai tsara shi, kuma da manufa.

Masu cewa baƙon abu ne su tuna da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, shekara 4 kafin Superman, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Jarumi mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam ba yau ya shiga adabin Hausa ba. Tsoron littattafan zane ma ba sabo ba ne: a 1954 likita Fredric Wertham ya ɗora musu alhakin lalacewar yaran Amurka, sai a 2012 binciken Carol Tilley ya nuna ya murguɗa shaidun da ya dogara da su.

Gaskiya ne, a cikin littattafan nan akwai ɗaukaka ƙarfin damtse, kamar duka ne maganin kowace matsala. To, wa zai nuna wa yaro wannan aibi in malami ya juya baya? Ƙwace littafi ba ya kashe gardama, bayan aji kawai yake kora ta. Malamin da ya shigo da ita aji, ya sa a yi ta da Hausa tsantsa ko da Faransanci mai kyau, ya jera Ganɗoki da Hulk a allo, ya ce kowa ya kawo shafin da hujjarsa take, shi ne ya ci ribarta. Ƙungiyoyin al'adu masu shirya gasar muhawara su ma su gwada, su ga yawan yaran da za su ɗaga hannu.