Karatun nesa a Kilomita Biyar: wane nisa ake son ragewa?

Tun da aka ƙaddamar da babban layin intanet na ƙarƙashin ƙasa a farkon 2023, wanda ya haɗa ƙasar nan da Kamaru da Kwango da kuɗin Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai, zancen karatu ta intanet ya shiga bakin kowa a Bangui. Wai ƙarancin malamai ya kusa zama tarihi, malami ɗaya zai koyar da dubban yara daga gaban kwamfuta. Ni da nake riƙe alli kullum, ina ganin da sauran rina a kaba.

Ai mun taɓa gwadawa. A watan Maris na 2020 korona ta sa aka rufe makarantu. Ba a ma nufi intanet ba, don masu shigarta a ƙasar nan ba su fi kamar mutum ɗaya cikin goma ba. Rediyo aka koma: Radio Ndeke Luka ta riƙa watsa darussa da tallafin UNICEF. Dabarar ba laifi. Amma da aka dawo aji, abin da na gani shi ne, yaron da ya ƙaru shi ne wanda dama akwai mai zaunar da shi a gida, wa ko yaya da ta yi lekol. Sauran sai da muka koma da su baya.

Masana zamantakewa sun daɗe da wannan magana. Pierre Bourdieu da Jean-Claude Passeron, a littafinsu Les Héritiers na 1964, sun nuna cewa makaranta takan saka wa yaro ne a kan abin da ya taho da shi daga gida: harshe, littattafai, sabo da karatu. To karatun nesa ɗaukar ajin yake gaba ɗaya ya kai shi gidan. Mu dubi gidan namu. Wayar ta maigida ce, tana shago tare da shi har magariba. Wutar Boali rabonta ake yi unguwa-unguwa. Yarinya tana gida, amma ga wanke-wanke, ga raino, ga aike. Zamanta a aji ne kaɗai lokacin da babu mai kiranta. Sannan a tsakar gida Hausa ake yi, ko Fulatanci, ko Larabci, ko Sango. Faransancin da za a yi jarrabawa da shi, a bakin malam kawai yaro ke jin sa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. A 2014 unguwar nan ta zama kamar kurkuku. Jami'ar Bangui ba ta da nisa, amma ɗalibi Musulmi bai isa ya taka can ba. Nisan tsoro ne, ba na ƙafa ba. Da akwai karatun intanet a lokacin, da ya yi mana rana, mu da 'yan'uwa da suka tsere Garoua-Boulaï da Chadi, wannan ba musu. Sai dai yau benci ɗaya da ɗan Kilomita Biyar ke zama da ɗan Fatima ko Miskine yana cikin 'yan wuraren da suke sanin juna da suna. In aka ce kowa ya zauna gida da wayarsa, an maido shingen nan ba tare da an gitta ko itace a hanya ba.

Inda nake ganin abin zai yi amfani shi ne wajen manya. A ƙauyuka da yawa malaman da iyaye ke biya ne ke riƙe da azuzuwa, galibi ba su taɓa shiga kwalejin horon malamai ba. Mutum ne babba, yana da aji a gabansa, abin da ya saurara da dare zai gwada shi da safe. Saƙon murya ta WhatsApp, ko darasi a katin waya inda babu sabis, ya ishe shi farawa, muddin akwai sufeto da zai riƙa leƙa shi ko sau ɗaya a zango.