Yaron da muke kira daƙiƙi da awon karatun da muke zuba masa

A gidajenmu da makarantun Islamiyyarmu akwai hukuncin da muke saurin yankewa. Za a biya wa yaro shafi guda, a juyo a tambaye shi, ya kasa kawo ko rabinsa, sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma bulala ta biyo baya. A ganinmu wannan hukunci zalunci ne a mafi yawan lokuta, domin awon da aka zuba ne ya fi ƙarfin mazubin.

Masana halayyar ɗan'adam sun bambance ma'ajiya biyu a cikin tunani. Ɗaya mai ɗorewa ce, tamkar rumbu, a nan Fatiha take zaune da hanyar gida da sunayen dangi. Ɗayar ta wucin-gadi ce, suna kiranta ma'ajiyar aiki, kuma ta fi kama da faifan da ake ɗebo hatsi a kai a tsince. A kanta mutum yake riƙe farkon jimla kafin ya ji ƙarshenta, a kanta yake lissafin canji a kasuwa. Sabon karatu sai ya bi ta kan faifan nan kafin ya shiga rumbu, faifan kuwa ƙarami ne ƙwarai. A 1956 George Miller na Amurka ya ƙiyasta cewa yana ɗaukar abubuwa kamar bakwai a lokaci guda. A 2001 Nelson Cowan ya sake auna hujjojin, ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Abin da ke kai kuma ba ya jimawa: a 1959 Lloyd da Margaret Peterson sun ba mutane haruffa uku kacal, suka shagaltar da su da ƙirga ta baya-baya, bayan daƙiƙa 18 mafi yawan haruffan sun ɓace.

A 1974 Alan Baddeley da Graham Hitch na Birtaniya suka nuna cewa ma'ajiyar tana da sassa: mai riƙe sauti, mai riƙe siffa da wuri, da mai rarraba hankali tsakaninsu. Sashen sautin shi ya fi shafar mai hadda. Yana riƙe abin da baki zai iya furtawa cikin kusan daƙiƙa biyu, kuma sai an yi ta maimaitawa yake zama. Idan malam ya ja doguwar aya da numfashi ɗaya ya ce yaro ya maimaita, kafin a kai ƙarshe farkon ya riga ya zube.

Ga inda malamai da iyaye suke ruɗuwa. Ma'ajiyar aiki dunƙule-dunƙule take ƙirgawa, shi ya sa muke karanta lambar waya mai alƙaluma 11 kashi uku. A wurin alaramma aya sukutum dunƙule ɗaya ce, domin tana cikin rumbunsa tun tuni. A wurin ƙolon da bai san Larabci ba, kowace gaɓa kaya ce mai zaman kanta. Layin da malam yake ji kamar ba komai, shi ne yaro yake ɗauka kashi goma sha. Wannan ma hujja ce ga masu cewa a riƙa gaya wa yara ma'anar kalmomin da suke haddacewa, domin ma'ana tana ɗaure gaɓoɓi su zama ƙulli ɗaya.

Magabatanmu na tsangaya ba su karanta Baddeley ba, amma tsarinsu ya mutunta wannan iyaka. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, a rubuta masa 'yan layuka a allo, ba a wankewa sai ya riƙe, sannan ga tishi. Alƙur'ani kansa cikin kusan shekara 23 ya sauka, kuma aya ta 32 a Suratul Furƙan ta ambaci ƙarfafa zuciyar Manzon Allah (SAW) a matsayin hikimar saukarsa kaɗan-kaɗan. An kuma ruwaito daga Abu Abdurrahman As-Sulami cewa sahabbai kan ɗauki ayoyi goma, ba su wuce su sai sun san abin da ke ciki sun yi aiki da shi.

Yau kuwa wasu makarantun hadda na kuɗi suna gasar wa zai sauke yaro da wuri, mu iyaye muna zuga su saboda muna ɗokin walima. Yaro ya taso daga makarantar boko a gajiye, a ɗora masa shafi biyu, a gida kuma ya zauna tilawa talabijin tana magana, waya tana kuka. A 1982 Pierre Salamé da Baddeley sun nuna cewa maganar da ke tashi a gefe tana rage abin da mutum yake riƙewa ko da bai kula ta ba, kuma binciken wannan fanni ya nuna haka ko da harshen baƙo ne gare shi. A nan tsangayar ma ba ta kuɓuta ba, domin hayaniyar almajirai da yawa kowa da darasinsa nauyi ce a kan mai sabon karatu. Ba banza ba gardawa suke fita kiskadi su keɓe. Tsoro ma yana cin wuri a kan faifan. Yaron da idonsa ke kan bulala ya riga ya ba ta rabin hankalinsa.

Gaskiya ne yara sun bambanta, kuma faɗin wannan ma'ajiya yana ƙaruwa daga yarinta har zuwa samartaka, don haka awon ɗan shekara shida ba zai zama na ɗan sha huɗu ba. Abin da muke roƙon malamai da iyaye shi ne gwaji mai sauƙi kafin a yanke hukunci: a kashe talabijin, a ajiye bulala, a biya wa yaro yanki ɗaya. Idan ya rasa farkonsa kafin ya kai ƙarshe, a raba yankin biyu a sake biyawa, kuma kada a ƙara masa sabo sai na jiya ya fito ba gargada.