Zuwa Ga Masu Gidajen Sunuka Da Masu Gyaran Sanda: Ku Ajiye Samfefar Nan

Ƙannena da 'ya'yana.

Yabonku ba zan hana ku ba. Tebura sun yawaita a unguwanni, fitilunku sun fi na zamaninmu haske, kuma a cikinku akwai yaran da ke jefa ƙwallon da mu ba mu taɓa jefa irinta ba. Allah ya ƙara albarka. Sai dai ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da kuke yi wa sabuwar sanda ranar da aka kwance ta daga leda shi ya hana ni yin shiru. Tun ba ta taɓa farar ƙwallo ba, sai wani ya jawo samfefa mai kaushi, irin ta kafintan ƙofa, ya naɗe gaban sandar, ya dinga zuga sama da ƙasa har gari ya zubo, wai yana so ta yi santsi. Ya gama, ya ɗauki alli ya kafa mata a kai yana murzawa da ƙarfin tsiya, ya miƙa wa yaro ya ce fasa. Mintuna kaɗan ke nan, an cinye rabin rayuwar sandar.

Ku tsaya mu duba abin da samfefa take ci. Gaban sanda, wato inda take gudu a tsakanin yatsu, ba haka kawai aka fiƙe shi ba. Wanda ya ƙera ta ya busar da icen, ya riƙa rage shi kaɗan-kaɗan yana barin sa ya huta, har ya kai kaurin da yake so: wajen milimita 12 zuwa 13 a bakin sandar manyan ƙwallaye irin ta Amurka, wajen 9 da rabi zuwa 10 a ta sunukar Ingila. Daga nan ya shafe ta da abin da zai toshe ƙofofin icen. Wannan shafin shi samfefarku take fara cinyewa. Da ƙofofin sun buɗe, gumin hannu da garin alli sai su shige ciki, sandar ta yi shuɗi-shuɗi, ta fara kama fatar yatsa. Mai gida ya ji tana danƙo, me zai yi? Ya sake jawo samfefa. A haka, kafin shekara ta zagayo, za ka ga sanda ta rame a tsakiya, zoben bakinta ya fi jikinta kauri, tana lanƙwasa in an buga da ƙarfi, a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko. Kayan ba su yi laifi ba. Hannunku ne.

Na san abin da wasunku za su ce: akwai sanduna masu araha da ke zuwa da man sheƙi mai kauri, wanda ke manne wa hannu in zafi ya yi. Gaskiya ne, kuma ban ce kada a taɓa irin wannan ba. Amma aiki ne na sau ɗaya a rayuwar sanda, da samfefa mafi laushi, a bi tsawon icen a hankali, a tsaya da zarar sheƙin ya tafi, sannan a shafa ɗan man katako marar kauri, a bar shi ya sha, a goge. Sandar da ta zo da kyakkyawan shafi kuwa ba ta bukatar komai sai tsumma mai ɗan damshi, a bi da busasshe nan take, a murza da guntun fata ko farar takarda har ta yi ɗumi. Hodar nan da kuke barbaɗa wa hannu ma ku rage ta, don ita da gumi ne ke haɗuwa su zama dauɗa. Ruwa da sabulu a bakin ƙofa sun fi ta amfani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk ƙarfin da kuka ƙarar a jikin sanda, inda ya kamata ku kashe shi ba ku ko kalle shi ba. Ina nufin 'yar fatar nan ta kai. Ita kaɗai ce ke taɓa ƙwallo. Kafin a san ta, da icen tsura ake bugu, kuma dole a nufi tsakiyar farar, in an kauce kaɗan sanda ta zame. Wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, shi ake danganta wa kammala wannan fata wajen 1807, bayan zaman da ya yi a kurkuku yana gwaji a kan tebur. Shi ya nuna wa mutane farar ƙwallo tana bugun 'yar'uwarta ta dawo da baya. Allin da kuke murzawa ma sai a 1897 William Spinks, ɗan wasa, da William Hoskins, masanin haɗa sinadarai, suka yi rajistar irinsa a Amurka, kuma ba allin allo ba ne, garin ma'adinai ne mai kaushi da ke sa fata ta kama ƙwallo. Mutane sun ba da shekarunsu a kan abin da bai kai faɗin farce ba, ku kuwa ko duba shi ba kwa yi.

Sabuwar fata takan zo a baje, ko da sheƙi a samanta, alli ba ya zama. Aikin farko shi ne a ba ta ƙundu. A kifa ƙaramin magagari ko samfefar da aka lanƙwasa, a riƙa shafowa daga tsakiya zuwa gefe, ana juya sandar, har kan ya yi doro daidai ta kowane ɓangare. Amurkawa da gefen tsabar kuɗinsu ta santi 5 ko santi 10 suke auna wannan doron. Kun ga, in ban da cire man sheƙin nan, nan ne kaɗai gurbin samfefa, kuma ko nan ɗin ba a barin ta ta taɓa zoben. Bayan haka a ɗan tayar da gashin saman, ba a yage shi ba. Sai gefen fatar: a jiƙa yatsa a zagaya, a murza da fata har ya yi tauri ya yi sheƙi, yadda baduku yake dasashe bakin jaka don kada ya buɗe. In an bar gefen nan sako-sako, fatar za ta baje ta zarce zoben cikin 'yan kwanaki. Ko an yi komai daidai, sabuwar fata sai ta zauna, saboda haka kwanakin farko bugu mai taushi ake yi da ita, a sake duba doron, a yanke abin da ya fito da reza mai kaifi. Ba ita ake ba yaro ya fasa da ita ba. Ku ware tsohuwar sanda guda don fasawa.

Alli kuma shafa shi ake yi, ana kallon kan sandar. Wanda ya haƙa rami a cikin alli, zoben yake gogewa, tsakiyar fatar kuma ba ta samu ba.

A gidajen da muka koyi wannan aiki, sabuwar sanda takan kwana a ɗakin kafin a taɓa ta. Maigida zai ɗaga ta zuwa ido, ya juya ta a hankali yana bin tsawonta da kallo, in mai haɗi biyu ce ya goge mahaɗin, ya ɗaura ba tare da ya matse kamar mai ɗaure tayar mota ba. Yaro bai isa ya jingina ta da bango ba. Yau kuwa sai ka shiga ka tarar da sanduna jibge a lungu, wata rana tana dukanta ta taga, wata an bar ta cikin mota tun hantsi. Icen da ya taso daga ƙasar sanyi ya faɗo cikin hunturunmu, ya sha bushewa, damina ta zo ya sha laima, an kuma kware masa shafinsa tun ranar farko, ta yaya ba zai karkace ba? Wallahi wani lokaci sai in ji kamar ba a gaji komai daga wurinmu ba.

Ku yi haƙuri, zafin abin ne. Na san yawancinku ba a nuna muku ba ne, kuma mai gidan da ke lissafin kuɗin mai da haya ba ya son ganin sanda a ajiye. To ku lissafa da wannan: hannun ɗan wasa haddace sandarsa yake yi. Stephen Hendry ya ci kambun duniya na sunuka sau 7 tsakanin 1990 da 1999 da sanda mai araha da ya riƙe tun yana yaro, kuma da ta karye cikin kayan jirgi a 2003, sai da abin ya zama labari a shafukan wasanni. Ba tsadarta aka yi wa jimami ba, sabon da hannunsa ya yi da ita ne. Yaron da ke wasa a gidanku, wanda sandarsa ke sauya kauri duk mako, da me zai saba?

Sandunan da aka riga aka zuge, ba duka suka mutu ba. In ba su rame sosai ba, a goge dauɗar, a shafa mai, a murza, a sa sabuwar fata da gam mai kyau, a rataye su a tsaye nesa da taga. Wanda kuma yake da yaron shago, ya zaunar da shi ya gyara fata guda a gabansa daga farko har ƙarshe, sannan ya miƙa masa ta biyu ya yi da hannunsa.



Naku,
Wani tsohon mai gyaran sanda