Shin Gizo yana nan a wata duniyar?

Wasu na cewa tun da masana kimiyya sun yi hasashen akwai duniyoyi barkatai ban da tamu, to lalle akwai wadda Gizo yake zaune a cikinta yana yi wa Zaki wayo. Ban yarda ba.

Hasashen da Hugh Everett ya gabatar a Amurka a 1957 cewa ya yi duniya tana yin rassa, duk abin da zai iya aukuwa yana aukuwa a wani reshe. Amma rassan nan duka doka ɗaya suke bi. Inda dokar halitta ta hana layar zana ta ɓatar da mutum a nan, ta hana a can. Rashin iyaka kuwa ba ya nufin akwai komai: lambobin 2, 4, 6 ba su da ƙarshe, amma har abada ba za a tarar da 3 a cikinsu ba.

David Lewis ne, a 1986, ya tsaya kan cewa duk duniyar da hankali bai kore yiwuwarta ba tana nan da gaske. Shi kuwa masanin falsafa ne, kuma da kansa ya ce babu hanyar da ta haɗa waɗannan duniyoyi da tamu, balle a aika na'ura ta leƙo.